Ciwon da na ɓoye wa ɗan farina, likitan allurar barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, har wasu suna kiran waya daga gida suna tambaya ko ina raye. Ina nan.

Jikokina lafiyarsu ƙalau. Rukayya, matar ɗana, lafiya lau sai gajiya. Ni na fara takawa har bakin ƙofa ba mai riƙe ni. Wanda ba shi da daɗi yanzu shi ne ɗana na fari. Ba ciwo ne a jikinsa ba, aikinsa ne ke rawa, duk ya rame. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya, a hankali nake yi.

Jegon Rukayya ne ya kawo ni Doha, sai korona ta rufe hanya, na zauna. A lokacin na fara ganin jini, shekaru bayan na daina al'ada. Ya zo, ya ɗauke, ya dawo.

Na ɓoye.

Wa zan faɗa wa? Likitan da ke gidan kuwa ɗana ne na fari. Ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in dube shi in ce ga abin da nake gani. Kuma ina ganin halin da yake ciki. Aikinsa allurar barci, shi ke sa mutum barci kafin tiyata, ya tsaya a kansa yana lura da numfashinsa har ya farka. Da korona ta yi tsanani, shi ke zura wa marasa lafiya bututun numfashi a maƙogwaro. In ya dawo gida nan unguwar Al Gharrafa, ba ya bari yara su taɓa shi sai ya yi wanka.

Haka na ja ciwon nan har garin ya fara cika da baƙin Kofin Duniya. Rukayya ce ta gane, wajen wanki.

"Umma, tun yaushe?"

Na ce kada ta faɗa masa.

"Wallahi yau zan faɗa, ko za ki yi fushi da ni."

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka yanki ɗan nama aka kai awo. Ƙari ne a mahaifa, sai an cire ta. Jinina ya yi ƙasa har sai da aka ƙara mini. Inshorar aikinsa ce ke biya, da ba ita ba kuɗin ya fi ƙarfinmu.

A wannan zirga-zirgar na san abin da ban taɓa tambaya ba. Ashe ba asibitin ne ya ɗauke shi aiki ba. Wani kamfani ne ke tara likitocin barci, ya raba su asibitoci, ya karɓi kuɗin, sannan ya yanka musu albashi. Aiki ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya, amma ana biyan kowa gwargwadon ƙasar da ya fito. Da wasan ƙwallo ya zo aka ƙara musu aiki, albashi bai motsa ba. Suka haɗu suka rubuta takardar kai kuka, kowa ya sa sunansa. Kamfanin ya ce duk wanda bai janye ba, ba za a sabunta masa kwantiragi ba.

Kamfanin ne kafil ɗinsa, zamanmu a ƙasar nan a hannunsa yake. In aikin ya tafi, inshorata ta tafi. Kuma ranar da aka ba ni ta tiyata tana bayan ƙarewar kwantiragin.

Rukayya ta ce mini zai janye. Ya shigo gaishe ni, na juya fuskata bango, na yi masa maganar da ban saba ba.

"Na ji za ka janye."

"Umma, ke ce gaba da komai."

"Abokan naka fa?"

"Za su gane."

Na ce, "Ban zo garin nan don in sa ka kasa haɗa ido da su ba. Bar sunanka."

Gaskiya, yana fita na shiga banɗaki na yi kuka. Tsoro nake ji ƙwarai, har na so in kira shi in ce na fasa.

Bai janye ba. Abokan aikinsa ne suka roƙi likitan tiyata aka matso da ranar kafin kwantiragin ya ƙare. Ba a barin likita ya sa wa nasa barci, sai wata 'yar Sudan, Dakta Ihsan, ta zo a ranar hutunta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yalla, maza Hajiya, yi salati. Ɗanki ya tsaya a kan iyayen mutane da yawa, yau ni zan tsaya a kanki."

Na farka da amai da ƙishi, maƙogwaro kamar an kankare shi. Daga baya sakamako ya fito, ƙarin bai bazu ba. Alhamdulillahi.

Na gode wa Allah, na gode wa Rukayya da ta ƙi jin maganata, da Dakta Ihsan, da ku masu addu'a.

Mata 'yan uwana, in kin ga jini bayan kin daina al'ada, ki je asibiti a satin. In kina kunyar ɗanki, faɗa wa matarsa. Kuma in an yi miki aiki, ki tambayi wanda ya sa ki barci, ki yi masa godiya, yawancinmu ko fuskarsu ba ma tunawa.

Yanzu kamfanin ya ba shi zuwa ranar Alhamis, ko ya janye ya ci gaba a tsohon albashi, ko mu haɗa kaya. Bai san ina wannan rubutun ba. Duk wanda ya san asibitin da ke ɗaukar likitan barci kai tsaye ba ta hannun kamfani ba, a nan ko a gida, don Allah ya rubuto mini kafin Alhamis. Ni na ce masa ya tsaya, kuma ba ni da abin da zan ba shi ya tsaya a kai.