Notin da Mai Kunne Ya So Ɗaurewa

Shekara talatin da huɗu Mai Kunne ya yi yana gyaran kwampreso, injin matse iska irin na masu faci da masu fentin mota. Sunan ma a wurin aikin ya samo shi. Ba ya kwance inji sai ya kara kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma, sannan ya nuna inda ciwon yake. Da wuya ya kuskure. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda akwai sauran abin da wani zai koya masa ba.

Sai zamani ya juya. Motocin haya suka yi ta komawa gas, gidajen sayar da shi suka tsiro a bakin kowane titi, kowanne kuma da injin matse gas a bayansa. Injuna suka yi yawa, masu gyara suka yi kaɗan. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, injiniya ce a wani kamfani mai kafa irin waɗannan injuna. Ita ta tsaya kai da fata har manaja ya yarda a ɗauki mahaifinta gwaji, da sharaɗin ya zauna horon kwana uku.

Rabin yini ya yi ya sulale. "Ni za a nuna wa noti?" ya ce wa abokansa a bakin gareji, suka yi ta dariya. Ita kuwa ya ce mata an gama lafiya, ta sa hannu a takardarsa ba ta bincika ba. Wa zai binciki ubansa?

Ranar Talata da hantsi yana ɗakin inji a wani gidan gas, motoci sun yi layi har titi. Cikin rugugin ya tsinci wani siririn huci a mahaɗar bututu. Daɗi ya kama shi, don babu wanda ya ji sai shi. A kwampreson iska, idan mahaɗa ta yi yoyo, ɗaure notin ake yi inji na aiki, kuma ya yi hakan ya fi sau dubu. Abin da aka faɗa ranar horo ta biyu, wadda bai je ba, shi ne ƙarfin da ke cikin wannan bututu ya ninka na iskar faci fiye da sau ashirin. Sai an kashe inji an zuƙe gas ɗin kafin a taɓa shi.

Ya ɗora sifana ke nan Uwata ta shigo tare da manaja.

"Kai! Saki sifanar nan!" ta daka masa tsawa.

Ta daki jan maɓallin kashe inji da ke bango, jiniya ta ɗauka. Direbobi suka watse, wasu ko ƙofar mota ba su rufe ba. Da aka zuƙe bututun aka kwance, sai ga notin a tsage. Da ya ƙara masa ko rabin juyi ne, da ba a san adadin gidajen da za a yi zaman makoki ba.

Ba wanda ya ce masa uffan, shirun kuma ya fi zagi ciwo. A ƙasa ya taka har gida, kunya ta hana shi tsayar da ko mota. Bai bi ta gareji ba.

Da yamma ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa, idonta jawur.

"Baba, ka yafe mini. Na ɗaga maka murya cikin mutane."

Da ma faɗa ta zo yi masa, da ya fi sauƙi. Ya kasa kallonta.

"Manaja ya ce in rubuta rahoto," ta ce. "Zan sa cewa ni ce ban duba takardun horo ba. Ba sai sunanka ya fito ba."

"Su kore ki ke nan."



Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ɗauko biro, Uwata. Rubuta cewa Mai Kunne ya gudu daga horo, ya kuma yi miki ƙarya."

Ta rubuta. Da ta zo gurbin da aka ce dangantakar ma'aikaci da mai rahoto, ta tsaya.

"Cike shi," ya ce. "Rubuta mahaifi. Ai shi ya sa kika amince da ni, ba ki bincika ba."