Ƙanƙarar Balkisu ta ranar Talata

Balkisu ta rasu. Da safen nan ƙanwarta ta kira ni ina cikin fitar da ƙanƙara daga firiza. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san ta ba, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a nan Yelwa. Ni kuma ƙanƙara nake sayar wa masu kifi a bakin ruwa. Duk Talata takan zo da 'yar kularta shuɗiya ta ɗauki guda biyu, ta jera kwalaben jini a ciki a kai Sakkwato.

Ranar farko na ce, "Ke 'yar nan, jinin mutane za ki sa a ƙanƙarata?" Ta yi dariya har ta zauna a bencina.

Ta ce jinin waɗanda suka bugu a kai ne, yawanci 'yan acaɓa. Wai idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni takan saki wasu ƙananan abubuwa cikin jini, maikro-RNA ta kira su. Ana bincike ko wata rana ɗan jini kaɗan zai nuna wanda ke cikin haɗari tun kafin ya faɗi.

"Ba a gama ba tukuna, Inna. Ki dai daskarar da ƙanƙarar da kyau, ke ma kina cikin aikin."

Da maigidana ya faɗi a mashin ya tashi yana kakkaɓe riga, duk muka ce Allah ya kiyaye tunda ba jini. Ita ce ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ƙi tafiya sai da aka sa shi a mota zuwa asibiti. Hoto ya nuna jini ya taru a cikin kansa. Yana nan da ransa.

Talatar da ta wuce ta zo da kumburi a bayan kunne. Ta zame a jirgin ruwa tana dawowa daga Wara, kanta ya bugi katako. Na ɗaga ɗankwalinta na duba, na ce, "Ai ba jini."

Da bakina na faɗa.

Ta yi murmushi. "Haba Inna, ni za ki gaya wa haka? Bari in sallami kular nan, sai in je a duba ni."

Na ƙulla mata ƙanƙara a leda ta ɗora a wurin, ta tafi. Ban bi ta ba. Ban tsaya mata a ƙofa ba.

Ba ta je ba. Ranar Alhamis ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, aka wuce da ita Sakkwato. Aka ce da sauƙi.

Yau Talata, na riga na ware mata guda biyunta kafin wayar ta shigo. Ga su nan a baho suna narkewa, na kasa sayar wa kowa.

Allah Ya gafarta miki Balkisu, Ya sanyaya makwancinki, Ya kawo wanda zai ƙarasa aikin nan. Ni ma Ya yafe mini. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.