Muryar da Ta Shigo Amfilifayata a Ƙofar Na'isa

Mun tashi da asuba daga Jos, ni da mai ganga da mai fiyano, hazo na kwance a kan duwatsu. Amfilifayata, akwatin ƙara sauti, na bar wa kujerar gaba har da ɗaura mata bel, na matse a baya. Mai ganga ya ce ko amarya ba ta samun wannan gatan.

Bikin 'yar Baffana za mu. Baffa yayan mahaifina ne, ladanin masallacin unguwarsu, kuma shekara shida ke nan tun da na rungumi jita ya daina yi mini magana. Sallama kawai yake amsawa don wajibi ce, sai ya kau da kai. Gwaggo, ƙanwarsa, ce ta gayyace ni, amma ni magana ɗaya daga bakinsa na je nema.

A Saminaka muka karya da masa. Kuɗinta ya hau, ita kuma ta rame. Dajin Falgore ya sha ruwa ya yi kore shar, shanu na ratsa titi ba sa ko kallonmu. Ina gyangyaɗi ina farkawa har muka shiga Kano kafin azahar. A Ƙofar Na'isa mota ta gaza, lungun ya fi ƙarfinta, sai a baro aka tura kayan.

Yinin mata ne, a tsakar gida, kuma sharaɗin Gwaggo ɗaya: da an kira la'asar a tsaya. Jitata ba ta da waya, wata 'yar na'ura mai araha ce ke kai sautinta ga amfilifaya. Na saba da halinta. Takan yi gurnani, takan yi fito, ta taɓa jawo mana labaran rediyo ana tsakiyar rawa.

Da la'asar ta kusa na ɗauko waƙar niƙan kakarmu Iya, wadda ta zo da ita daga Borno. Karin kawai na gada a wurin mahaifina, kalmomin na ɗauka sun bi shi kabari. Ina kaɗawa a hankali, ƙamshin turaren wuta na yawo, sai wata murya ta fito daga amfilifayar. Muryar tsoho ce, ƙasa-ƙasa, tana rera waƙar da Barbarci, baiti bayan baiti. Na zaci mafarki nake.

Ashe Baffa ne. Yakan maƙala makirfo a wuyan riga tun kafin lokaci, ya zauna jira, lasifikar masallaci a kashe. Makirfonsa da na'urata irinsu ɗaya, shi ya sa ta jawo muryarsa, kiɗan kuma yana isa gare shi ta katanga. Bai san ana jin sa ba.

Na kai hannu zan kashe don in rufa masa asiri, Gwaggo ta riƙe ni.

"Bar shi, ɗan nan. Rabona da jin wannan tun Iya na da rai."

Na bi shi da jita, hawaye na zubo mini, har ya yi gyaran murya ya kira salla.

Ana idar da salla labari ya kai masa. Na je na durƙusa a gabansa a zaure, ya dube ni.

"Kai ne ka tona mini asiri a gaban mata?"

"Tuba nake, Baffa."

"Sauri kake yi a baiti na biyu. Iya jan sa take, dutsen niƙa ba ya gudu. Zauna in faɗa maka kalmomin."

Washegari muka kamo hanya, ban ga daji ba, ban ga shanu ba, ina ta maimaita baitocin har Jos. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara shida ina ganin ni kaɗai ke ɗauke da kewar nan, alhali tsohon can yana zaune shi kaɗai a masallaci yana rera wa mahaifiyarsa waƙa.