Baƙin Dutsen Iya

Shekarar da tari ya kwantar da Babanmu, Iya ta baro ƙauye ta tare a gidanmu na haya a Sharaɗa. Ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mutumin nan". Aikinsa goge ƙarfe da baƙin dutsen inji a wani kamfani, kullum ya dawo gemu ya yi furu-furu da ƙura. Likita ya ce ƙurar ta zauna a huhu, babu mai fito da ita. Iya ta ce ai likita ba Allah ba ne.

Akwai gutsuren dutsen nan a gida, da shi muke wasa wuƙa. Shi Iya ta mayar abin gashi. Bayan Magariba sai ta tura shi cikin garwashi, in ya ɗau zafi ta naɗe a tsumma ta ɗora wa Baba a ƙirji. Ni da ƙanwata Saude mu raɓe a gefen tabarma.

"Angona, matso," in ji ta da ni, "ga ta nan ta iso muku."

Kullum tatsuniyar ɗaya ce. Wata maginiya tana da tukunya guda tak a duniya. Aljanu suka harbe ta da kibau waɗanda ido ba ya gani. Ba ta fashe ba, ko tsaga babu, amma ta kumbura, in an ƙwanƙwasa ba ta amo. Sai maginiya ta mayar da ita wuta. Duk yumɓun da ya goce, in ya ji ɗumi, sai ya rarrafo ya koma gurbinsa.

"Iya, ta warke?" Saude ce ke tambaya.

"Saura kaɗan. Miƙo min itace."

Ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba. Na ce mata, "Iya, tatsuniyarku ba ta da ƙarshe ne?" Ta ce, "Ji min miji, ba cefane sai baki!" Muka yi dariya, har Baba, dariyar ta zame masa tari.

Itace ya ƙare, muka koma tsintar katakai a bayan kamfanoni. Da suka yi wuya, Iya ta fasa kujerarta 'yar tsugunno ta cusa a murhu. Ƙirjin Baba duk ya yi tabo. Yakan ce da ƙyar, "Iya, da zafi." Ta ce, "Daure, zafin ne maganin." Tsoro nake ji ƙwarai, na kuma tsani maginiyar nan da ta kasa gama aikinta.

Wata yamma Baba ya riƙe hannunta kafin ta ɗora dutsen. Ya ce, "Iya, ku ƙarasa wa yaran nan."

Ta dubi wutar. Sannan ta ce, "Tukunya ta koma ƙasar da aka ɗebo ta. Ƙurunƙus." Baba bai ga Juma'a ba.

Yau a ɗakin bincike nake aiki, a kan irin dutsen nan. Sunansa silikon kabaid, ana son a yi suturar makamashin nukiliya da shi. Hasken nukiliya yana ture ƙwayoyin zarrarsa daga gurabensu, ya kumbura ba tare da ya tsage ba. In muka gasa shi a tanderu, da yawansu sai su koma. Ranar da na fara ganin haka a na'ura, fita na yi na yi kuka. Ashe a kan dutse Iya ba ta yi kuskure ba.

Amma ba duka suke komawa ba. Akwai inda na'ura ke nuna an tsaya, abokan aiki su ce a kashe wuta a tafi gida. Ni hannuna ba ya zuwa kan makunni da wuri. Sai in ji bakina yana ce musu saura kaɗan.