Madara da Sukari a Bencin Baba

Rigarta na fara gani, mai ratsin fari da shuɗi, tana saukowa daga bas a Trikania. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, fastocin 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bango ba. A lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya na haya, na haddace yadda saurayi ke tsayawa da abin da yake faɗa idan budurwa ta sunkuyar da kai. Na yi ta tambaya har na gano gidansu a Unguwar Mu'azu.

Babu littafin da ya shirya ni don haɗuwa da mahaifinta. Dattijo ne mutumin Filato, ya yi ritaya daga masaƙa, kullum da yamma yana kan benci a ƙofar gida da tsohon ƙamus na Turanci a cinyarsa. Duk wanda ya zo zance sai ya zauna ya ji asalin wata kalma kafin a kira ta. Samari da dama daga bencin nan suka juya.

"Zauna, ɗana," ya ce mini. "Ka san muslin?"

"A'a, Baba."

"Yadi ne shara-shara. Daga garin Mosul sunan ya fito. Damask kuma, wanda matan coci ke ɗaurawa ran Kirsimeti, Dimashƙu ce. Bature ya sayi yadi, ya haɗa da sunan garin ya tafi!"

Ni da nake mafarkin garuruwa masu nisa, sai na ji kamar an buɗe mini sabon littafi. Kullum na zo sai in ƙara da tambaya. Ita kuwa tana fitowa mu ɗan taɓa hira, magana ta fi yawa a kan abin da Baba ya faɗa.

Wata ranar Asabar ya kawo kalmar seersucker. Ya ce asalinta Farisanci ne, ma'anarta madara da sukari, domin ratsi ɗaya na yadin sumul yake, ɗayan kuma da kaushi. Na tambaya, ya amsa, na sake tambaya. Muka bi ayarin fatake har Indiya muka dawo. Da aka kira magariba a masallacin layin na yi godiya, na kama hanya ina murmushi. Sai da na kai bakin titi na tuna ban ce a kira ta ba.

Ranar Lahadi ta tare ni bayan an tashi daga sujada a coci.

"Malam, Baba kake nema ko ni? In shi ne, faɗa mini in kai masa kayan zancen."

Kalaman littattafan nan duk suka gudu suka bar ni. Na san in na yi shiru shi ke nan, domin akwai wani ma'aikacin banki da ke zagayen gidan da mota. Idona ya sauka kan rigar tata, mai ratsin nan.

"Wannan rigar na biyo tun daga Trikania," na ce. "Sai jiya na san sunan yadinta."

Ta dubi hannun rigar, ta shafa ratsin da yatsa. Dariya ta so ƙwace mata.

"Tun da Mama ta rasu, kai kaɗai ka taɓa yi masa tambaya," ta ce. "Amma daga yau kalma ɗaya za a ba ka. Ina jin ya buɗe shafi na biyu zan fito da tsintsiya."

Haka aka yi, kuma ta fito da ita ba sau ɗaya ba.

Masaƙar ta daɗe da rufewa. Baba yana tare da mu a Mahuta yanzu, idonsa ya yi rauni, 'yarmu ta fari ce ke karanta masa ƙamus ɗin. Kwanan baya wani yaro ya fara zuwa wurinta, Baba ya sa a fitar masa da benci.