Madubin da ya tara min jama'a a Kuru

Ina kan dutse a bayan Kuru jiya, ina ɗaura farantin intanet, sai na waiwaya na ga maza biyar tsaye a bayana. Ko gaisuwa babu.

A aikinmu dole faranti ya kalli ɗan'uwansa kai tsaye, shi ya sa abokin aikina yake can Rayfield yana haska min madubi don in saita. Ashe sun ga walƙiyar.

Dattijon cikinsu ya ce, "Oga, wa ke yi maka alama?"

Na ce, "Baba, intanet za mu jawo wa makarantarku." Na miƙa masa takardar izini, ya ƙi karɓa.

Sai ya nuna min wani tsohon ramin haƙar kuza cike da ruwa. "Ka ga wancan? Gonar babana ce. Waɗanda suka hau dutsen nan da na'ura a lokacin, su ma da takarda suka zo."

Na kwance farantina, suka raka ni da ido har mota.

Makaranta dai ba intanet, ni kuma na kasa ganin laifin dattijon. Da ku ne, me za ku ce masa?