Gadon Amarya a Ɗaki na Huɗu

Shekara tara na yi ina duba masauki a Gaya, a wata 'yar ajans mai nema wa baƙi ɗaki, kusa da tashar mota. Aikina in shiga otel in ga abin da ke ciki, sannan in san baƙon da ya dace da shi. Direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ruwa yake so da filin ajiye mota. Alhazan Maraɗi sai sun ga buta da dardumar salla, kuma kada makewayi ya fuskanci gabas. Matan da ke tsallaka gada zuwa kasuwar Malanbil kuwa, ƙofa mai sakata biyu. Nakan ɗaga katifa in bi ɗinkinta saboda kuɗin cizo, in buɗe famfo in tsaya har in ga ko ruwan zai ɗore. Ba a taɓa kawo ƙarata ba.

Sai wani dattijo ya buɗe otel a hanyar Bengu. Saboda furfurarsa na yi masa abin da ban yi wa kowa ba: na aika tun jajibiri cewa gobe ina tafe. A wurinmu ba a faɗa wa babba gida kamar jandarma.

Ya nuna mini ɗaki na huɗu. Tubarkalla! Gado sabo, katifa ko leda ba a cire mata ba, labule har ƙasa, fanka tana ta juyi. Nan take na ce wannan na Hajiya ne. Hajiya aminiyar marigayiya uwata ce, mai fataucin atamfa daga Yamai, kuma ita ta fara turo mini 'yan kasuwa tun ba wanda ya san ni.

Da ta zo ta kwana ɗaya a ɗakin, da safe ta iso ofis da jakarta a ka, wuyanta duk ya yi ruɗu-ruɗu da cizon ƙwari. Ba gado, ba fanka, tsohuwar katifa aka jefa mata a ƙasa. A gaban mutane ta ce, "Ɗan nan, da uwarka ce, nan za ka kai ta?" Ta fita. Na kira ta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka.

Kafintan unguwa ne ya ba ni labari yana dariya. Ashe kayan ɗakin 'yar dattijon ne da ake tanadi don aurenta. In an ce mai dubawa na tafe sai a kwaso su a amalanke, yana juya baya a mayar gida. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Ni za a mai da sakarai, don na girmama shi?

Ban nuna masa komai ba. In mun haɗu a masallaci har rusunawa nake yi: "Baba, ina gajiya?" Wata huɗu ina haɗiye abin, har na ji an sa ɗaurin auren 'yar tasa ranar Juma'a.

Ran Litinin na aika masa cewa gobe zan zo dubawa, akwai manyan baƙi a hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ya sake kwaso kayan. Amma wannan karon ban je ni kaɗai ba. Na tafi da wani abokina, tsohon soja, ƙato, wanda ko matarsa ba ta tashinsa daga barci. A al'ada sai an kwana biyu bayan dubawa baƙo ke zuwa. Shi kuwa abokin nawa da jakarsa ya zo. Ya dubi ɗakin ya ce ya yi masa, kwana bakwai zai yi, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya miƙe a gadon amarya da takalmansa.

Laraba dattijon ya aiko, na ce ba na nan. Alhamis mata suka taru don jere, ba gado, ba labule. Da azahar sai ga shi a ofis, hula a hannu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ɗana, ka rufa mini asiri."

"Baba, ni wa ya rufa mini nawa?"

Na danna lambar Hajiya a wayarsa, tunda tawa ba ta ɗauka, na ce ya faɗa mata abin da ya yi, kada ya rage ko ɗaya. Ya faɗa, direbobi sun cika ƙofa suna ji. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Hajiya ta ce a ba ni wayar. Na karɓa ina jiran ta sa mini albarka.

"Yarinyar me ta yi maka?" ta ce. "Ka mayar mata da gadonta kafin la'asar. Da na ɗauka sakaci gare ka, har na fara hucewa. Ashe mugu ne kai."

An mayar da gadon, an yi biki. Otel ɗin bai kai damina ba ya zama rumbun albasa, kuma duk ran da na wuce ta gabansa sai na rage gudun babur na kalle shi da kyau. Hajiya har yau tana zuwa Gaya sau biyu a wata. Wani ne ke nema mata ɗaki.